Japheth da Awakin Jirgin Nuhu

Ranar da Mama Martha ta tafi Kaduna wankan jegon 'yarta, dattawan wata ƙaramar coci da ke gefen garin Birnin Gwari, ta hanyar dajin Kamuku, suka duba hagu suka duba dama, ba su ga wanda zai riƙe musu makarantar Lahadi ta yara ba sai Japheth. Ba don ya fi kowa sanin Littafi Mai Tsarki ba, a'a, shi kaɗai ne ba shi da abin yi.

Japheth ya taɓa kiwon kaji, kajin suka mutu. Ya taɓa gyaran waya, masu wayoyin har yau ba sa amsa gaisuwarsa. Amma in ka same shi a bencin mai shayi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana zuba, sai ka rantse gwamnati shawararsa take jira kafin ta motsa.

Baba Mailafiya, shugaban dattawa, wanda kuma shi ke buga ƙararrawar coci, ya kira shi gefe ya ce, "Riƙon ƙwarya ne, ka ji ko? Ranar godiyar kaka Martha za ta dawo. In mun ga ka iya, mu bar maka ajin, dama ta ce gwiwoyinta sun gaji. In ba ka iya ba, ka koma bencinka."

"Baba, ai ku fara nema wa Mama kujerar hutu tun yanzu," in ji Japheth.

Bakin ne ya faɗi haka, amma gaskiyar magana abin ya taɓa shi. Tunda ya girma ba wanda ya taɓa danƙa masa wani abu ya ce riƙe mana. Ranar farko da yara suka miƙe tsaye suka ce masa "Ina kwana, Malam," sai da ya juya ya duba ko da wani a bayansa. Yana son ajin nan fiye da yadda zai iya faɗa, kuma da ya zauna ya ba yara labari kamar kowa, da ya samu. To amma Japheth ba ya yin abu kamar kowa.

Ya shiga gida ya tarar da matarsa Talatu tana zuba wa ragonta dusa, ragon da take kiwo saboda Kirsimeti.

"Talatu, Mama Martha 'yan unguwa take koya wa. Ni duniya zan koya wa."

"Duniyar ce ta aiko?"

"Shafi zan buɗe a intanet, bulog ake ce masa. Kowane labari mu yi shi a aikace, in ɗauka a waya, in rubuta bayani, in ɗora. Malaman makarantar Lahadi na Legas da na Ingila su riƙa shiga suna kwaikwayona."

"Ka fara gyara mana ƙyauren bayan gida, Maigida. Su kwaikwayi wannan."

Bai kula ta ba. A unguwar babu inda waya ke kama intanet sosai sai kan wani dutse a bayan coci, don haka can ya mayar ofis. Ya buɗe shafi, ya sa hotonsa da jajayen takalma da aron kwat, ya rubuta cewa shi ƙwararre ne mai dogon tarihi a harkar koyar da yara. Kullum sai ya hau dutsen ya duba masu ziyara, ya sauko yana murna sun ƙaru. Talatu ta ce, "Kai ne ke shiga kana fita, kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai." Ya ce mata ba ta san kan na'ura ba.

Labarin farko na Dauda da Goliyat ne. Japheth ya ce shi ne Goliyat, tunda babu mai tsawonsa. Matsalar ita ce kowane yaro so yake ya zama Dauda, har aka fara koke-koke. Sai ya yanke hukunci irin na masu hikima, ya ce kowa Dauda ne. Ya jingina waya a kan benci, ya kifa kwanon sha a ka, sai kuma ya cire don ya ga yana ɓata masa hoto. Ya buɗe ƙirji ya ce, "Ku yi kamar da gaske."

Ya manta su wane ne yaran. Waɗannan yara ne da suka ƙare damina suna korar tsuntsaye da birai daga gonakin shinkafa da masara, kowanne da majajjawarsa a aljihu, kuma ba su saba kuskure ba. Suka yi kamar da gaske. Goliyat ya faɗi faɗuwar da ba a taɓa ganin mai kyawunta ba, ya daɗe bai tashi ba. Wayar kuwa tun jifan farko ta kife, babu abin da ta ɗauka sai ƙasan benci da muryar ƙato yana kiran sunan matarsa.

Washegari maƙwabcinsa Malam Nababa, mai sayar da hatsi, ya tare shi a ƙofar gida, ya ƙura wa ƙulun goshinsa ido.

"Malam Japheth, ƙaho ka fara?"

"Wannan shaidar aiki ce. A ƙasashen waje sai an yi wa mutum horo na musamman kafin ya iya faɗuwa haka."

"To Allah Ya ƙara basira. Na gaba wa za a jefa?"

Na gaba babu jifa a ciki, labarin jirgin Nuhu ne. Japheth ya ce wannan kam gida ya zo, don sunansa ma na ɗan Nuhu ne, jirgin na gidansu ne. Coci ce za ta zama jirgi, shi ne Nuhu, dabbobi su shigo biyu-biyu, yara na tafi. Ya yi alkawari a shafinsa cewa duniya za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

To a lokacin ba a gama kawar da amfanin gona ba, kuma kowa ya san dokar unguwa: tun daga shuka, duk mai akuya ko tunkiya zai ɗaure abarsa a turke, ba a saki sai an gama girbi mai unguwa ya sa an yi shela. Dabbobi duk suna gida a ɗaure, masu su sun gaji da yankan ciyawa. Da Japheth ya je aron awaki biyu wurin Nababa, ya ce shi zai ciyar da su, Nababa bai bari ya rufe baki ba ya kwance masa igiya.

Sai dai akuya ba ta san Nuhu ba. Suka je ƙofar coci suka toge. Ya ja, suka ja. Ya tura ta baya, ɗaya ta zauna, ɗaya ta cinye masa gefen rigar da ya yafa ta zama alkyabba. Yara suka yi ta dariya har da masu birgima.

"Kimiyya abin yake so," in ji Japheth.

Kimiyyar ita ce dusar ragon Talatu. Ya ɗebo rabin buhu ba ta sani ba, ya zuba a kwanoni a can gaba, gindin bagade, wato teburin sujada. Kuma don dabbobi su san lokacin shiga, ya ce sai an yi musu alama. Ya nufi ƙararrawar coci, wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota da ke rataye a bishiyar mangwaro, ya ɗauki guduma ya narka mata duka da la'asar ɗin Laraba.

A wannan coci, in aka ji ƙararrawa ba ranar sujada ba, to rasuwa aka yi. Kafin awaki su kai ga dusa, matan zumunta na coci sun fito da hannu a ka. Wata tsohuwa ta taho tana kuka tun daga bakin rijiya, tana cewa dama jiya ta ga Baba Mailafiya yana tari. Sai ga Baba Mailafiyan da kansa ya ɓullo da sandarsa yana tambayar wa ya mutu. Tsohuwar ta gan shi, ta tsaya cak, ta share hawaye ta ce, "Au, ashe ba kai ba ne."

Aka leƙa cikin coci, aka ga awaki biyu sun dulmuya kai a kwano.

"Japheth, mene ne wannan?"

"Baba, darasi ne. A ƙasashen da suka ci gaba..."

"Ka bar ni da ƙasashen nan. Ka kashe ni da rana tsaka saboda akuya?"

Japheth ya durƙusa, ya yi ta magana, ya kawo Legas ya kawo Ingila, ya ce sunan cocin zai shiga duniya, har da sunan Baba a matsayin shugaba. Baba Mailafiya ya ɗan yi tari, ya gyara hula. A ƙarshe ya ce tunda abin na yara ne, a sanar ranar Lahadi cewa ƙararrawar la'asar ta darasi ce, kada kowa ya sake yi masa kuka.

Daga nan labari ya bazu cewa Japheth na ciyar da awaki kyauta. Wa ya ƙi? Kowace la'asar sai ka ga mata da yara, na coci da na masallaci, suna janye da dabbobi zuwa gindin mangwaro. Japheth ya ce biyu-biyu ake so, suka ce ai ga su nan biyu-biyu, kowane gida biyu. Aka kawo tumaki, aka kawo wani bunsuru mai warin da ke riga shi isa wuri, Nababa ya ƙaro da jakinsa. Japheth bai kori kowa ba, don yawan jama'a bai taɓa ba shi tsoro ba, ko da masu ƙafa huɗu ne. Sai ya buga ƙarfe, a saki igiyoyi, dabbobi su ruga ciki su tarar da dusa. Bayan 'yan kwanaki ba a ma bukatar turawa. In an gama, shi da yara su share ƙasa su wanke, a mayar da kowace turkenta.

Hoton ne dai ya ƙi kyau. Yau jaki ya tsaya a ƙofa ya toshe jirgi, gobe bunsuru ya manta da dusa ya bi wata akuya har kan mumbari, jibi caji ya ƙare. Japheth ya ce ba zai ɗora wa duniya aikin da bai nuna ba, a ci gaba da atisaye.

Talatu ta gano inda dusarta ke tafiya ranar da ta ga ragonta ya fara nuna haƙarƙari. Ta ce, "Tunda can abincinsa ya koma, sai ka tafi da shi ya ci rabonsa." Haka ragon ma ya shiga makaranta.

Ran Lahadi kuwa, da zarar Baba Mailafiya ya buga ƙararrawar sujada, sai unguwa ta ɗauki kukan awaki, kowace tana fizgar turke. Mutane suka yi ta mamaki. Japheth ya ce, "Kun gani? Dabba ma ta san ranar Ubangiji. Wannan aikin malami ne."

Ana haka kaka ta ƙare. Ran Asabar da yamma mai shela ya zaga unguwa yana cewa mai unguwa na gaishe da kowa, an kawar da amfanin gona, kowa ya saki dabbarsa. Japheth ya ji shelar sarai, yana kan dutse yana rubuta wa duniya cewa gobe za a tabbatar masa da kujera. Ko a jikinsa.

Ranar godiyar kaka ba ƙaramar rana ba ce. Kowane gida ya kawo abin da Allah Ya ba shi, an jibge a gaban bagade: dammunan dawa, masara, gyaɗa, wake, doya, kabewa, shinkafa 'yar gida a ƙwarya. Kowa ya san da irin fargabar da aka nomo abin nan a bakin daji, wasu ma daga wajen Damari da Tabanni suka yi gudun hijira suka zo suka roƙi gona, shi ya sa godiyar bana ta fi ta kullum nauyi. Matan zumunta sun sha anko, ga ganga ga kacau-kacau. An gayyaci maƙwabta kamar yadda aka saba, mai unguwa da Malam Nababa suna zaune a kujerun baƙi a ƙarƙashin rumfa, daf da taga. Mama Martha ta dawo, tana benci na gaba da sabon ɗankwali. Japheth ya jera yaransa a gefe, yana ta gyara kwat.

Baba Mailafiya ya fita ya ɗauki guduma. Saboda girman ranar, ya ba ƙarfen nan duka na musamman.

Da farko wata 'yar ƙara aka ji daga nesa, kamar ruwa na tahowa. Fasto ya ɗaga hannu zai buɗe da addu'a, ya tsaya. Baba Mailafiya, da ke tahowa a hankali zai shiga, ya waiga sau ɗaya, ya jefar da sanda ya kama reshen mangwaro, tsohon da aka ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa.

Ƙofar cocin ba ta da faɗi, dabba biyu kawai take ɗauka a jere. Haka kuwa suka shigo, awakin Nababa a gaba, tumaki a baya, bunsuru da wata, ragon Talatu da wata, tiryan-tiryan ta tsakiyar benci. Abin da Japheth ya yi makonni yana nema bai samu ba, ga shi yau ya zo da kansa. Maimakon ya tashi ya tare, sai ya zaro waya ya haye benci.

"Jama'a ku duba, biyu-biyu. Yara, ku yi tafi."

Yara suka yi tafi. Dabbobi suka isa inda suka saba samun dusa, suka tarar yau an yi musu gara.

Daga nan ba wanda zai iya ba da labari a jere. Mata suka yi kan awaki da kacau-kacau. Wata ta rungume damin dawarta, tunkiya na ci ta ɗaya gefen. Ƙwaryar shinkafa ta kife, kabewa ta gangara ta kwashe ƙafar mai ganga. Bunsuru ya haye mumbari, wurin da dama ya saba, Fasto ya ba shi wuri ba gardama. Jaki ya iso a makare, ya tsaya a ƙofa ya toshe, na ciki ba fita, na waje ba shiga.

Nababa ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Japheth, aron akuya na ba ka. Ban ce ka sauya mata addini ba."

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," in ji Japheth daga kan benci. "Ɗalibaina ne, maganata suke ji. Alama ɗaya zan yi musu su fita."

Ya dira ta taga, ya ɗauki guduma, ya sake narka wa ƙarfen duka. Alamar da ya koya musu ke nan, kuma ma'anarta ɗaya ce. Na ciki ko ɗaga kai ba su yi ba. Waɗanda suka yi nisan kiwo ba su ji bugun farko ba, su ne suka ji na biyu, suka taho a guje. Japheth ya tsaya a gabansu ya ware hannuwa. Suka bi ta kansa, wasu ta ƙarƙashin cikin jaki, wasu ta taga. Yana ƙoƙarin miƙewa, ragon Talatu, da aka samu aka turo waje da ƙyar, ya ja da baya ya auna mazaunin mutumin da ya cinye masa dusa, ya biya kansa.

Sai da kowa ya kama tasa da hannu, Kirista da Musulmi, mai unguwa ma da babbar rigarsa yana janye da tunkiyar da ba tasa ba, sannan coci ta koma ta mutane. Aka tsaya ana kallon gaban bagade. Doya ce kaɗai ta tsira da mutuncinta, ita ma an ɗanɗana. Dariyar da wasu suka fara ta mutu, don wata mata 'yar gudun hijira ta durƙusa tana tsince ƙwayar wakenta daga cikin kashin awaki.

Dattawa ba su shiga ɗaki ba, a gindin mangwaro suka yi zamansu, kowa na ji. Baba Mailafiya, da aka sauko da shi da tsani, ya ce, "Japheth, kana da magana?"

Japheth ya dafe ƙugu ya ce, "Baba, in aka duba ta fuskar darasi, shigowar ta yi kyau."

"Ta yi kyau," in ji Mama Martha. "Ɗana, a labarin da na sani, Nuhu ya tanadi abincin dabbobinsa. Bai ciyar da su da baikon da mutane suka kawo wa Allah ba."

"Mama, ai gwaji ne."

"An gwada," in ji Baba Mailafiya. "Martha, ki yi haƙuri da gwiwoyinki, ki karɓi yaranki. Kai kuma, tunda ka koya wa dabbobin unguwa zuwa sujada, ba ranar da za su daina. Daga yau duk Lahadi kana bakin ƙofa da sanda, daga waje, har a tashi. Abin da aka ci kuma, da daminar baɗi za ka biya shi da fartanya a gonar coci."

Mai unguwa ya ce shi ma ya sa hannu. Wayar da aka tsinto a ƙarƙashin benci, kofato ya bi ta kan fuskarta, duniya ba ta ga komai ba.

Lahadin da ta biyo, aka buga ƙararrawa, ɗalibai suka hallara kamar yadda aka zata. Japheth ya ja ƙyaure ya tsaya a waje, yana kora wannan, wancan na zagayowa. Ta tagar gefe yana jin muryar Mama Martha ƙasa-ƙasa, ba kwano ba jaki, yara sun yi tsit. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Nababa ya zo wucewa da jakinsa zai tafi kasuwa, ya tsaya.

"Malam, an sauke ka ke nan?"

"Saukewa? Ƙarin girma dai. Je ka tambayi masana, a labarin Nuhu aikin rufe ƙofar jirgi ba a bar wa ɗan Adam shi ba saboda nauyinsa. Ni kuwa dattawa suka duba duk cocin nan, suka ga babu wanda..."

A daidai nan yara suka ɗauki waƙa a ciki, wata 'yar gajeruwa da shi ya koya musu da bakinsa, har da tafin da ya ƙara mata a tsakiya. Maganar Japheth ba ta ƙarasu ba. Nababa ya jira, ya ga babu ci gaba, ya kama igiyar jakinsa ya wuce bai ƙara tsokana ba.

Japheth ya jingina da ƙyauren, sanda a hammata, ya bi su da waƙar a hankali. Da aka zo wurin tafi ya yi tafinsa shi kaɗai, awaki na tsaye suna kallonsa.